In Guguwa Ta Taso, A Canja Tikiti Ko A Dakata?

A wannan wata za mu ɗan tsallaka teku ne, mu duba wata matsala wadda takan taso wa matafiya kowace shekara daga farkon watan Yuni zuwa ƙarshen watan Nuwamba, wato lokacin da mahaukaciyar guguwa take kaɗawa a tsibiran Karebiyan da gaɓar Amurka ta kudu da ta gabas. Mutum ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi tikitin jirgin sama, ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya gama haɗa tsaraba, saura kwana biyar ya tashi sai ya ji a labarai cewa ga wata guguwa can ta nufo inda za shi. To, ya canja ranar tafiya tun da wuri, ko ya dakata ya ga abin da hali zai yi?

Wani zai ce ina ruwanmu da guguwar Amurka. Ruwanmu kuwa akwai shi. Da wuya ka shiga wani gida a zangunanmu na Accra ko Kumasi ko Tamale ka rasa mai ɗa ko ƙani ko suruki a can, musamman ma a unguwar Bronx ta birnin New York. Iyaye suna zuwa suna da biki da ganin jikoki, su kuma na can suna zuwa gida hutu, ko su kwashi yara su kai su Florida ko Jamaika shan iska idan an rufe makarantu. Babban hutun makarantun Amurka kuwa yakan faɗo ne tsakanin Yuni da farkon Satumba, daidai lokacin da guguwa ke ɗaura ɗamara.

Bugu da ƙari, ita kanta guguwar 'yar gida ce. Hadarin nan da muke gani yana tasowa daga gabas da damina, shi ne mafarin da yawa daga cikinsu. Yakan taso daga wajajen tsaunukan Habasha da yammacin Sudan, ya ratso Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya, ya biyo ta arewacin ƙasar nan, ya je ya faɗa tekun Atilantika ta wajen Senegal da Gini. Duk bayan kwana uku zuwa biyar sai wani ya biyo sawun wani, a shekara akan sami kamar 60. Akasarinsu sukan watse a kan teku. Amma idan wani ya tarar da ruwan teku da ɗumi, wato zafinsa ya kai kamar digiri 26 ko 27, kuma ƙurar Sahara da busasshiyar iska ba su shaƙe shi ba, sai ya fara juyawa yana ƙara ƙarfi yana nausawa yamma. Cikin mako ɗaya ko biyu sai ga shi a ƙofar Karebiyan. Mafi yawan manyan guguwoyin da suka yi ɓarna a can, in aka bi salsalarsu, daga nan Afirka ta Yamma suka fito.

Masana sun yi wa abin ma'auni. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna daga cikin jerin sunayen da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya take ajiye da su. Idan ya kai kilomita 119 a awa ta zama mahaukaciyar guguwa ke nan. Daga nan akwai matakai biyar: mataki na 3 yana farawa daga kilomita 178, na 5 kuwa daga kilomita 252. A lissafin shekarun 1991 zuwa 2020, kowace shekara akan sami guguwa mai suna 14 a tekun Atilantika, 7 daga ciki su zama mahaukata, 3 su kai mataki na 3 ko fiye. Ganiyar abin ita ce daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, ƙololuwarsa kuma wajen 10 ga Satumba.

To, mu komo kan mai tikiti a hannu. Tambayar da yawancinmu muka fi yi ita ce, shin jirgin zai tashi lafiya? Wannan kuwa ita ce mafi sauƙin amsawa. Jiragen fasinja ba sa kutsawa cikin mahaukaciyar guguwa. Matuƙa sukan kewaye ta tun daga nesa, in kuwa filin sauka ne ke cikin hatsari, kamfani ya soke tashin baki ɗaya. Saboda haka abin tsoron ba a sama yake ba, a ƙasa yake. Tambayoyin da ya kamata mutum ya yi wa kansa su ne: idan na sauka me zan tarar, kuma idan abu ya ɓaci zan sami hanyar fita? Daga waɗannan tambayoyi ne shawararmu ta fito, kuma a taƙaice ga ta: wanda yake waje yana shirin shiga, haƙuri ne ribarsa, wanda yake ciki guguwa na nufo shi, sauri ne ribarsa. Abin da ya fi jefa matafiya cikin asara shi ne juya waɗannan biyun, wato na waje ya yi garaje ya soke tikitinsa, na ciki kuma ya miƙe ƙafa yana jiran tabbas.

Kafin a yanke kowace shawara sai an san inda za a nemi labari. Saƙonnin da ake turawa ta waya da hotunan da ba a san ranar da aka ɗauke su ba, ba abin dogaro ba ne. Hukumar da ke da alhakin bin sawun guguwar Atilantika ita ce Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka da ke birnin Miami, kuma tana fitar da sabon bayani duk bayan awa 6, kyauta, a intanet. Tana buga wata taswira mai ɗauke da zane kamar mazurari, tsukakke a inda guguwar take yanzu, yana buɗewa har zuwa inda ake zaton za ta kai bayan kwana biyar. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa zanen nan girman guguwar yake nunawa, alhali kuwa ba haka ba ne. Abin da yake nunawa shi ne inda tsakiyarta ka iya bi, kuma an auna faɗinsa ne yadda tsakiyar za ta kasance cikinsa kamar sau biyu cikin uku. Wato sau ɗaya cikin uku tana iya ficewa daga ciki. Iska da ruwan sama kuwa sukan kai nesa da gefen zanen sosai.

Kuskuren hasashen kwana ɗaya yawanci bai kai kilomita 100 ba, amma na kwana biyar yakan kai ɗaruruwan kilomita. Guguwar Ian ta shekarar 2022 ta isa misali. Kwanaki kafin isowarta hankalin kowa ya koma kan birnin Tampa, domin layin tsakiyar taswirar can ya nufa. A ranar 28 ga Satumba sai ta sauka kusa da Fort Myers, fiye da kilomita 100 kudu da Tampa, ta hallaka mutum fiye da 100. Fort Myers kuwa tana cikin zanen nan tun farko, layin tsakiya ne mutane suka zuba wa ido. Don haka duk wanda garin da za shi yake cikin mazurarin, ko a gefe ne, ya ɗauka da shi ake.

Akwai kuma sanarwa iri biyu da ya kamata a bambanta. Ta farko ita ce ta a zauna cikin shiri, wadda ake bayarwa awa 48 kafin lokacin da ake sa ran iska mai ƙarfi za ta fara. Ta biyu ita ce ta gargaɗi, awa 36 kafin lokacin, ma'anarta kuwa ana sa ran abin zai auku. Sai dai masana sun fi ƙwarewa wajen faɗin inda guguwa za ta bi fiye da faɗin irin ƙarfin da za ta yi. A watan Oktoba na 2023, guguwar Otis da ta taso a tekun Fasifik ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa mataki na 5 cikin kamar kwana ɗaya, ta afka wa birnin Acapulco na ƙasar Meziko cikin dare, otel-otel cike da baƙi. Wanda ya ce ai ƙarama ce, ba ta isa ta hana shi tafiya ba, ya tuna da wannan.

Yanzu sai maganar kuɗi, domin a nan ne haƙurin na waje yake biyansa. Ƙa'idar ita ce, wanda ya fara janyewa shi ke ɗaukar asara. Idan kai ne ka soke tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, alhali jirgin yana nan bisa jadawalinsa, abin da za ka samu bai wuce a riƙe maka kuɗin ka yi wata tafiya da shi nan gaba ba, wani lokaci ma bayan an cire tara, in kuwa tikitin mafi araha ne kana iya tashi a tutar babu. Amma idan kamfani ne ya soke tashin, doka tana bayanka. Bisa dokar Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta shekarar 2024, duk jirgin da zai shiga Amurka ko ya fita daga cikinta ko ya yi zirga-zirga a cikinta, idan aka soke shi, ko aka jinkirta shi da awa 3 a tafiyar cikin gida ko awa 6 a tafiyar ƙasa da ƙasa, kuma fasinja bai karɓi wani jirgin da aka ba shi a madadi ba, to wajibi ne a mayar masa da kuɗinsa, ko da kuwa yanayi ne sanadi. Wanda ya biya da katin bashi na banki cikin kwanakin aiki 7, wanda ya biya ta wata hanya cikin kwana 20. Idan aka miƙo maka takardar yin wata tafiya a maimakon kuɗi, kana da ikon cewa a'a, amma da zarar ka karɓa ka sarayar da haƙƙinka.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wata ƙofa da kamfanonin jiragen sama sukan buɗe idan guguwa ta matso, yawanci 'yan kwanaki kafin isowarta. Sukan ba da sanarwar sassauci, su lissafa filayen jiragen da abin ya shafa da ranakun, su ce duk mai tikiti a cikinsu yana iya canja rana ba tara, sau da yawa ma ba ƙarin kuɗi muddin sabuwar ranar ba ta wuce wa'adin da suka ɗiba ba. Wanda ya yi gaggawar canjawa kwana ɗaya kafin wannan sanarwa ya biya kuɗi a kan abin da maƙwabcinsa zai samu kyauta gobe. Amma kuma da zarar ta fito sai a hanzarta, domin dubban mutane ne ke rububin kujerun da suka rage.

Akwai wasu ramuka guda uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, kada mutum ya ƙi zuwa filin jirgi kawai ba tare da ya sanar ba, domin akasarin kamfanoni idan ba ka hau jirgin farko ba sai su soke duk sauran tafiyar, har da ta dawowa. Na biyu, wanda ya sayi tikiti biyu daban-daban don neman rahusa, misali ɗaya daga Accra zuwa New York, wani kuma daga New York zuwa Orlando, ya sani cewa in aka soke ɗaya, kamfanin ɗayan ba ruwansa. Na uku, wanda ya sayi tikiti ta hannun dillali, sau da yawa sai ta hannun dillalin nan za a yi canji ko a karɓi kuɗi, don haka a nemi lambar da za a same shi ko da dare ko ranar hutu tun kafin buƙata ta taso.

Inshorar tafiya ma tana da nata sharaɗin. Ba ta biyan abin da aka riga aka san yana tafe, saboda haka wanda ya saye ta bayan an raɗa wa guguwa suna, bai saye ta don wannan guguwar ba. Ko wanda ya saya da wuri ma, yawanci sai an soke jirgi, ko masauki ya lalace, ko hukuma ta ce a kwashe mutane, sa'an nan za a biya shi. Tsoro kawai ba hujja ba ce a wurinsu, sai fa in mutum ya sayi iri mai tsada wadda ta yarda a fasa bisa kowane dalili, ita ma rabi zuwa kashi uku cikin huɗu take mayarwa. Har ila yau a sani cewa dokar Amurka ba ta tilasta wa kamfani ya ba fasinja abinci ko ɗakin kwana ba idan yanayi ne ya tsayar da jirgi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta fi sassauci ta nan: jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, ko jirgin kamfaninsu da ya nufi can, dole ya ciyar da fasinja ya ba shi makwanci har a samo masa hanya, ko da yake ba a biyan diyya idan yanayi ne sanadi. Wannan ya shafi masu bi ta Amsterdam ko Paris ko Brussels.

To, bari mu ƙirga kwanakin tare da wanda zai tashi ranar Asabar. Tun Asabar ɗin da ta gabata ya fara leƙa bayanin cibiyar nan ta Miami, wadda tun shekarar 2023 take nuna wuraren da guguwa ka iya haɗuwa cikin kwana bakwai masu zuwa. A wannan mataki ba abin da zai taɓa, karatun sharuɗɗan tikitinsa da na otel ɗinsa kawai zai yi, ya rubuta ranar ƙarshe da zai iya fasa ɗakin otel ba asara. Ranar Litinin ko Talata, idan garin da za shi ya shiga cikin mazurari, ya duba waɗanne jirage ne ke da kujeru a mako mai zuwa, ya kira masu masaukinsa ya ji ta bakinsu. Laraba da Alhamis su ne ranakun yanke shawara, domin a lokacin hasashe ya fara tsayawa, sassaucin kamfani kuma yawanci ya fito. Idan har aka ba da sanarwar shiri ko ta gargaɗi a garin, magana ta ƙare, ya ɗage tafiyar ko da jirgin yana nan zai tashi. Ba dabara ba ce mutum ya shiga garin da masu shi ke toshe tagogi suna ficewa. Ban da jefa kansa cikin wahala, ya ƙara wa masu masauki baki ɗaya da za su nema wa ruwa da abinci da kujera a mota.

Wanda yake ciki kuwa lissafinsa dabam ne, domin ƙofar fita tana rufewa tun kafin guguwa ta iso. Kamfanoni sukan kwashe jiragensu su kai wani wuri don kada iska ta lalata su, filayen jirage kuma su rufe da wuri don ma'aikata su je su killace iyalansu. A watan Oktoba na 2024 filin jirgin Tampa ya rufe da safiyar ranar 8, guguwar Milton kuwa sai daren ranar 9 ta sauka. A Oktoba na 2025 manyan filayen jiragen Jamaika sun rufe kamar kwana biyu kafin guguwar Melissa ta afka wa tsibirin ranar 28 ga wata tana mataki na 5, dubban baƙi suka maƙale. Wanda ya ce sai ya ga gargaɗi tukuna zai nemi kujera, zai tarar an riga shi. Musamman a tsibiri, inda ba titin da za a bi a gudu, da zarar mutum ya ga wurin yana cikin mazurarin kwana uku, ya yanke hutunsa ya fita, ko da zai yi asarar kwana biyu na otel. Masu yawon buɗe ido da guguwar Wilma ta rutsa da su a Cancun a watan Oktoba na 2005, dubbai ne suka yi kwanaki a kwance a makarantu da sauran wuraren fakewa, ba lantarki, ba isasshen ruwa, suna jiran a buɗe filin jirgi. Da an tambaye su a lokacin, da sun ba da ninkin kuɗin kwana biyun nan.

In kuwa fita ta gagara, sai a bi umurnin hukumomin wurin sau da ƙafa. A tanadi ruwan sha da abincin da ba ya buƙatar dahuwa, da kuɗi a hannu domin na'urar cirar kuɗi ba ta aiki in ba lantarki, a cika waya da caji, a ƙulle fasfo da magunguna cikin leda. A kuma nisanci bakin teku da kwari, domin ruwa ya fi iska kisa nesa ba kusa ba, walau teku ce ta tunkuɗo ko ruwan sama ne ya yi ambaliya.

Wani abin da akan manta shi ne, wucewar guguwa ba shi ne ƙarshen magana ba. Wanda tafiyarsa ta faɗo mako ɗaya bayan ɓarna, ya tambaya ko akwai wuta da ruwan famfo da hanya a inda za shi. Bayan guguwar Maria ta Satumban 2017, wasu sassan Puerto Rico sun yi kusan shekara guda ba lantarki. Guguwar Helene ta Satumban 2024 a Florida ta sauka, amma garin Asheville da ke cikin duwatsu, ɗaruruwan kilomita daga teku, ya yi makonni ba ruwan sha a famfo. New York ma ba ta tsira ba. Guguwar Sandy ta ƙarshen Oktoban 2012 ta sa an rufe manyan filayen jiragen birnin, aka soke tashin jirage kusan 20,000. A ranar 1 ga Satumban 2021 kuma ragowar guguwar Ida, wadda ta sauka can Louisiana kwana uku kafin nan, ta zubar da ruwan da ya hallaka mutane a birnin, akasarinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, irin ɗakunan da baƙi masu ƙaramin ƙarfi suka fi haya. Sa'an nan ko garin da za ka lafiya lau yake, idan za ka canja jirgi a Miami ko Houston ko Atlanta, guguwar da ta taɓa can ta taɓa ka. Sau da yawa canja wurin yada zango kaɗai ya wadatar, ba sai an ɗage tafiya ba.

Mu masu fasfon Afirka muna da ƙarin abin dubawa wanda bai dami Ba'amurke ba, wato biza. Wanda ya je ziyara yana da ranar da aka ɗibar masa ya fita, kuma wuce wannan rana yana iya ɓata masa bizar da ke hannunsa ya kuma hana shi samun wata. Don haka kada a sa ranar dawowa dab da ƙarewar wa'adi a watannin guguwa, a bar tazarar kwanaki. In jinkiri ya auku duk da haka, a adana saƙon soke jirgi da duk wata takarda da za ta zama shaida. Haka kuma kafin mutum ya karɓi wata hanya da kamfani ya ba shi, ya tambaya ta wace ƙasa za a bi da shi. Kanada, alal misali, tana neman bizar wucewa daga masu fasfon Ghana da Nijeriya ko da ba za su fita daga filin jirgi ba.

Sai kuma dattawanmu. Tsohuwar da ba ta jin Turanci, tana tafiya ita kaɗai da maganin hawan jini ko na ciwon suga na kwanaki ƙidayayyu, jinkirin kwana biyu a baƙon filin jirgi ba ƙaramin abu ba ne gare ta. Abin da saurayi zai jure da 'yar jakarsa a baya, ba shi za a ɗora wa tsoho ko mai ciki ko mai goyo ba. Ga irin waɗannan muna ganin a ɗage tafiya tun ana da shakka, ko da za a biya tara. In ya zama dole su tashi, a sa maganin ƙarin mako guda cikin jakar hannu, a rubuta lambobin 'yan'uwa a takarda, kada a dogara da waya kaɗai.

Mun san akwai masu cewa ai sau nawa ake kururuwa ba a ga komai ba. Gaskiya ne, guguwa da yawa sukan karkata arewa su mutu a tsakiyar teku, kuma miliyoyin mutane suna hutunsu a Karebiyan da Florida cikin Agusta da Satumba ba abin da ya same su. Shi ya sa ma muka ce na waje kada ya yi garaje. Amma idan sanarwa ta riga ta fito, sai a auna asarar biyu. Wanda ya ɗage tafiya guguwa ba ta zo ba, ya yi asarar 'yan kwanaki da wataƙila 'yan kuɗi. Wanda ya yi taurin kai guguwa ta zo, yana iya asarar hutun gaba ɗaya, da aikinsa in ya kasa dawowa a kan lokaci, da abin da ya fi waɗannan. Kuɗin tikiti kuwa ya riga ya fita, ko an je ko ba a je ba, bai kamata a bi shi da rai ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga masu shirin sayen tikiti nan gaba, maganin abin yana farawa tun ranar saye. A haɗa tafiya duka a tikiti ɗaya. A duba sharaɗin canji kafin a duba araha, domin tikitin da ya fi kowanne sauƙi shi ne ya fi wuyar juyawa. A kama otel ɗin da ya yarda a fasa. In za a yi inshora a yi ta rana ɗaya da tikiti. Dokar Amurka ta kuma ba wanda ya saya kai tsaye daga kamfani, mako guda ko fiye kafin tafiya, damar ya sake tunani cikin awa 24 ba tare da asara ba. Wanda yake da zaɓin lokaci ya kauce wa tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, wanda kuma yake da zaɓin wuri ya sani cewa tsibiran kudu irin su Aruba da Curacao da Trinidad ba kasafai guguwa ke bi ta kansu ba.

Muna fatan masu 'yan'uwa a can za su isar musu da wannan, musamman waɗanda ke shirin ɗauko iyaye a wannan damina. Allah ya kai kowane matafiyi lafiya ya dawo da shi lafiya.